KOFIN TSOHO

Shafi na 17

Masu cika min waya da "ina ci gaba", ga shi nan. A karanta a hankali.

*

Tela ya ware tef ɗinsa, ya dubi wuyan rigar Yaya, sai ya sake naɗe tef ɗin a yatsa.

"Hajiya, ke ba yau ba."

"Ba yau ba kamar yaya? Tun ɗazu nake tsaye a layin nan."

"Haka aka ce min."

"Wa ya ce maka?"

Tela ya nuna sama da haɓarsa. A ginin nan in an nuna sama, benen manya ake nufi.

Auta yana can baya a layi, hannuwansa cikin aljihu. Dama shi ba ya cewa komai. Shi ne mai tsara wa ma'aikatan jirgi tafiye-tafiyensu, wa zai tashi yau, wa zai huta gobe, kuma kwamfutarsa ta fi kowa sanin muryarsa. Yaya kuwa yayarsa ce, ciki ɗaya, ita ce shugabar masu hidimar fasinja a cikin jirgi. Uwar Jirgi ake ce mata. In ta yi magana a wutsiyar jirgi, matuƙi yana jin ta a gaba.

Ɗakin hutun ma'aikata ya cika maƙil. An rataya balan-balan ja da kore, rabinsu sun sace sun yamutse. A bango an manna ƙaton ƙyalle mai rubutu: MU IYALI ƊAYA NE. A ƙarƙashin ƙyallen fanka ce da ta mutu tun kafin a haɗe kamfanonin, har yau ba wanda ya kula ta.

Haɗewa dai aka ce. Kamfanin jirage na masu jajayen kaya, wato Ja, babba, da nasu Auta na masu koren kaya, wato Kore, ƙarami. A bakin manya aure aka yi. A idon 'yan Kore kuwa Ja ce ta haɗiye su, ko ruwa ba ta kora da shi ba. Yanzu ga tela an kawo ya auna kowa, za a ɗinka kayan aiki iri ɗaya. Samfurin rigar yana rataye a jikin ƙofa, kalarsa ba ja ba, ba kore ba, wani abu ne tsakanin laka da ruwan wanke-wanke.

"Malam tela," in ji Yaya, "ka dube ni da kyau. Ni ce mai sa yara su goge rigar nan in an gama ɗinka ta. Ta yaya za a auna su a bar ni?"

"Hajiya, ni ɗinki na sani. An ce min in auna mai maɓalli kawai."

"Wane maɓalli?"

Tela ya nuna wuyan rigar yarinyar da ke bayanta. Ɗan ƙarfe ne mai zanen fuka-fuki biyu. Da safen nan kowa ya tarar da nasa a kan tebur ko a cikin lokar ajiye kayansa. Waɗanda ba su samu ba sun ɗauka ƙarewa ya yi, za a ƙaro.

Auta ya taɓa wuyan rigarsa. Nasa yana nan.

Ya ɗaga kai ya bi layin da ido, wuya bayan wuya. Kyaftin Gemu, matuƙin da ya fi kowa daɗewa a Kore, ba shi da shi. 'Yar kanta, yarinyar da ke duba tikiti a kantar fasinjoji, ba ta da shi. Shugaban masu lodin kaya ba shi da shi. Yaya ba ta da shi.

Auta ya sake ƙirga su.

Duk waɗannan su ne suka riƙe kofi a makon jiya.

*

Kofin ba wani abin a zo a gani ba ne. Na ƙarfe ne, kore, bakinsa ya ɓantare, hannunsa ya lanƙwashe. Na Tsoho ne, mutumin da ya kafa Kore kuma ya riƙe ta har ranar da aka sayar. A zamaninsa duk ƙarshen mako akan dafa shayi, kowa ya zo, daga matuƙi har mai shara, a ajiye kofin babu komai a ciki a tsakiyar tebur. Duk wanda ya ɗauka, filin nasa ne. Ba a katse shi. Ba ya ƙarya. In ya ajiye, maganar ta mutu a nan, ba riƙo, ba ramuwa. An taɓa yin mai shara da ya ɗauki kofin ya ce wa Tsoho, "Ranka ya daɗe, kai ne ka fi kowa ƙazanta a ginin nan." Tsoho ya yi dariya har da hawaye, washegari ya sayi kwandon shara na ofishinsa.

Da haka 'yan Kore suka tashi. Shi ya sa da sabuwar manajar walwalar ma'aikata, wadda kowa ke kira Madam Walwala, ta ce za a dawo da zaman shayi har da kofin, wasu har da rungumar juna.

'Yan Ja kuwa suka zauna suka ɗora hannuwa a gwiwa kamar masu jiran allura.

Yaya ce ta fara ɗauka. Ta ce yara suna sauka daga wannan jirgi su hau wancan ba barci. Ta ce ta tsinci wata tana kuka a ban ɗakin jirgi, tire a hannunta. Ta ce balan-balan ba ya maganin gajiya. Tana ajiyewa Kyaftin Gemu ya ɗauka. Yana ajiyewa 'yar kanta ta ɗauka. Madam Walwala tana ta murmushi tana gyaɗa kai, a ƙarshe ta dafa ƙirji ta ce, "Na gode da wannan gaskiya. Ta taɓa ni."

Ashe haka ta taɓa ta.

"Na faɗa maka," wata murya ta raɗa a kunnen Auta.

Sarkin Tafi ne, ɗan Ja, wanda aka ajiye teburinsa kusa da na Auta tun bayan haɗewa. Ko atishawa manaja ya yi, shi ne farkon tafawa.

"Na faɗa maka tun ranar. A wajenmu in aka ce faɗi ra'ayinka, tafi ake nufi. In aka ce ka saki jiki, to ka ƙara ɗamara. Ku kuwa kamar yara, aka ajiye muku gwangwani kuka yi ta wawa."

"Rufe min baki."

"Ni dai ina da maɓalli."

Auta ya jira Yaya ta tayar da ƙura. Ya san ta. A kan shayi mai sanyi ta taɓa mayar da motar abinci guda. Ya jira ta ƙwace tef ɗin, ta hau sama da shi.

Sai kawai ta gyara ɗankwalinta.

"To, malam tela. Allah ya ba da sa'a."

Ta fita daga layin, ta wuce ta gabansa ba ta ko dube shi ba.

Layi ya matsa. Kafin ya ankara yana gaban tela. Tela ya ɗan sunkuyo ya ƙura wa maɓallinsa ido, sai fuskarsa ta washe.

"Au, ranka ya daɗe! Naka mai ruwan zinari ne. Kai ba riga ba ce, kwat za a yi maka. Ɗaga hannu."

Ɗakin ya yi tsit. Har ƙarar jirgin da ke tashi a waje aka ji tana girgiza gilashin taga.

Kyaftin Gemu ya shafa gemunsa a hankali.

"Barka, Auta. Ashe shiru ma sana'a ce."

Tef ɗin yana kan kafaɗar Auta ya ture shi. Ya nufi matakala.

*

A ƙofar ofishin Madam Walwala an rubuta: ƘOFATA A BUƊE TAKE. Ya murɗa. A kulle. Sai da ya danna ƙararrawa, ya jira, ya sake dannawa, sannan ƙofar ta yi ƙara ta buɗe.

"Ɗan'uwa! Shigo, shigo. Ɗauki alawa."

"Na ƙoshi."

"Zauna mana."

Ya ƙi zama. Ya cire maɓallin ya ajiye a kan teburinta, kusa da kwanon alawa.

"Madam, mene ne wannan?"

"Albishir ne. Da na so sai an jima a zaman shayi in sanar, amma tela ya riga ni, ko? Mutumin nan bakinsa ba ya riƙe zare." Ta yi dariya ita kaɗai. "Kai ne sabon shugaban sashen tsara tafiye-tafiye. Na duka kamfanin, Ja da Kore. Mun lura da kai. Ba hayaniya, ba ƙorafi. Irin mutanen da muke so ke nan."

"Waɗanda ba su samu ba fa?"

"Wa?"

"Kin sani."

Ta jingina da kujera, murmushin yana nan daram kamar da gam aka manna shi.

"Ɗan'uwa, ba ma korar kowa a nan. Iyali ba ya kora. Muna dai ba wasu damar su je su nemi farin cikinsu a wani wurin."

"Kora ke nan."

"Kalmar tana da nauyi."

"Abin ma yana da nauyi."

"Ka ga, su da bakinsu suka ce ba sa jin daɗi. Kana wurin. Ni aikina walwala ce. In mutum ya ce min ba ya walwala a nan, zalunci ne in riƙe shi."

Auta ya dubi kwanon alawar. Ya ji kamar ya ɗauka ya watsa ta taga.

"Ke kika ce su yi magana."

"Ni na ce."

"Kika ce ba abin da zai biyo baya."

"Ai ba abin da ya biyo baya. Wa aka yi wa faɗa? Wa aka ba takardar gargaɗi? Godiya ma na yi musu." Ta tura masa maɓallin da yatsa ɗaya. "Aikinka na farko mai sauƙi ne. Daga mako mai zuwa kada sunansu ya sake fitowa a kan wani jirgi. A hankali, ba surutu. Sauran mu za mu ji da shi."

"Har da Uwar Jirgi."

"Har da ita."

"Yayata ce."

"Shi ya sa ma." Ta buɗe alawa ɗaya ta jefa a baki. "A tsarinmu na Ja, ɗan'uwa ba ya tsara wa ɗan'uwansa aiki. Ku a Kore kun saba, wa da ƙani, miji da mata, kamar gidan biki. Mu ba ma yi. Tun ranar da aka haɗe, ɗayanku ne zai zauna, kai ko ita. Muna cikin tunanin wa za mu bari, sai ta sauƙaƙa mana."

"Ba wanda ya gaya min."

"Kai ai ba ka tambaya."

Gaskiya ce, kuma ta fi zagi zafi.

"Kofin nan," ya ce daga baya, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ba naku ba ne. Ba ku san abin da yake nufi ba. Kun ɗauki abin mutane kun mayar da shi tarko."

A karon farko murmushin ya ɗan ragu. Ba fushi ba ne ya maye gurbinsa, wani abu ne kamar tausayi, kuma ya fi muni.

"Ni ina na san wani kofi? Ka ga na yi kama da mai yawo da tsohon gwangwani? Tsohonku ne ya kawo min shi. Da ƙafarsa ya hawo nan, ya naɗo shi a tawul kamar jariri. A nan ya zauna, a kujerar da ka ƙi zama. Ya ce, Madam, in kina son sanin masu taurin kai a cikin 'yan Kore, ba sai kin wahalar da kanki ba. Ajiye wannan a tebur, da kansu za su miƙo hannu."

"Ƙarya ne."

"Ofishinsa yana ƙarshen baranda, wanda ba taga. Je ka tambaye shi."

Ta sake turo maɓallin har ya taɓa hannunsa.

"Ɗauki abinka. Kuma ka koma wajen tela, kwat ba ya son a yi masa kintace."

*

Bai je ofishin Tsoho ba. Ya ji in ya je zai yi abin da ba ya gyaruwa.

A kan matakalar baya ya sami Yaya, inda masu shan sigari suke laɓewa. Tana tsaye a jikin taga, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa. A can ƙasa, a bakin rumfar gyara, masu fenti sun hau tsani suna shafe koren da ke wutsiyar wani jirgi. Rabi ya tafi, rabi yana nan.

"Wancan shi na fara hawa," ta ce ba tare da ta juyo ba. "Ƙofar bayansa sai ka dake ta da gwiwa take rufuwa. Ko sun gaya wa 'yan Ja?"

"Yaya, korar ku za a yi."

"Na gani."

"Kin gani? Shi ke nan?"

"To in yi birgima?"

"Ni aka ce in cire sunanki."

"Sai ka cire."

Ya tsaya yana kallonta. Wannan ba Yayarsa ba ce. Yayarsa ita ce wadda ta je har makarantarsu ta kama kunnen wani ƙato saboda ya ƙwace masa biro. Ita ce ta kawo shi Kore, ta tsaya a kansa har ya koyi aiki, tana zaginsa tana saya masa abinci.

"Tsoho ne ya kai musu kofin," ya ce. "Da hannunsa. Shi ya ce su kafa muku shi."

Ya jira ta zabura.

Ta mayar da takalminta. Ta ɗaure igiyar a hankali.

"Wa ya gaya maka?"

"Madam."

"Bakinta ya yi yawa."

"Abin da za ki ce ke nan? Mutumin da kike cewa ya fi miki wasu iyayen?"

"Auta."

"An jima akwai zaman shayi. Wallahi sai na..."

"Sai ka me?" Ta juyo gaba ɗaya, idonta ya kaɗa. Yanzu ne muryar Uwar Jirgi ta fito. "Sai ka me? Kai da tunda kake ba ka taɓa ɗaukar kofin nan ba ko don ka ce shayi ya yi sanyi? Yau ne bakinka zai buɗe? Ka ga matarka da tsohon ciki. Ka ga Inna da ƙafar nan tata. So kake mu shiga gida rana ɗaya, mu biyu, mu ce mata duk mun dawo?"

"To in sa kwat bayan an kore ki saboda ni?"

"Ka sa. Ka goge shi ma. Ka yi musu murmushi."

"Ba zan iya ba."

"Za ka iya. Shiru kawai za ka yi. Duk duniya ba wanda ya kai ka iya shi." Ta kama wuyan rigarsa, ta ga babu maɓallin. Ta zura hannu a aljihunsa kamar yana ɗan firamare, ta zaro shi, ta maƙala masa da kanta. Tsinin ya soke ta, ba ta ce wash ba. "In ka buɗe baki yau, ban yafe ba. Ka ji ni?"

Ya kawar da kai.

"Na ce ka ji ni?"

"Na ji."

*

Da la'asar aka jera kujeru a ɗakin hutu. An ƙaro sabbin balan-balan, fankar tana nan a mace. An kawo kek an rubuta IYALI a kai, zafi ya narkar da rubutun yana gangarowa.

'Yan Ja a gaba, 'yan Kore a baya. Ba wanda ya ce a zauna haka. Tela yana can gefe yana tattara kayansa, da alama kek yake jira.

Tsoho yana kusurwa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Tun da aka sayar da kamfanin aka ba shi muƙamin mai ba da shawara, da ofis ba taga, da shawarar da ba mai nema. Idonsa yana kan takalmansa.

Madam Walwala ta ajiye kofin a tsakiyar tebur.

"Iyalina! Ga kofinmu. Zuciyata a buɗe take. Wa zai fara?"

Sarkin Tafi ya tafa. 'Yan Ja suka taya shi.

Ba wanda ya motsa.

"Haba, 'yan Kore! Ku da kuka koya mana? Makon jiya har layi kuke yi."

Kyaftin Gemu ya harɗe hannuwa. 'Yar kanta tana ta jujjuya tishu a hannu har ya zama gari. Wani ya yi tari, ya yi saurin dannewa kada a ce magana ce.

"Shiru alamar gamsuwa ce," in ji Madam. "Kun gani? Mako ɗaya kawai, duk ƙorafi ya ƙare. To bari in ba ku albishir..."

Kujera ta yi ƙara.

Auta bai san ya miƙe ba sai da ya ga kansa a tsaye. Sarkin Tafi ya ja masa gefen riga.

"Kai, mahaukaci, ban ɗaki yana ta can."

Ya fizge. Ya ratsa tsakanin kujeru. Yana jin idon Yaya a ƙeyarsa kamar garwashi.

"Auta," ta ce ƙasa-ƙasa. "Auta!"

Ya ɗauki kofin. Ya fi yadda ya zata rashin nauyi. Abin da mutane suka yi shekaru suna dogara da shi, ashe ko nauyin waya bai kai ba.

Madam ta tafa hannu sau ɗaya.

"Sabon shugabanmu! Ai dama kai nake shirin..."

"Madam, kofi yana hannuna."

Ta rufe baki. Wata 'yar Ja ta saki dariya, ta toshe da hannu.

"Ni ban iya magana ba," in ji Auta. "Kowa ya sani. Don haka ba ni zan yi ba."

Ya juya. Ya taka har kusurwa. Ya tsaya a gaban Tsoho, ya kama hannunsa, ya danƙa masa kofin, ya naɗe yatsun tsohon a jikinsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ranka ya daɗe, kai ka kafa dokar. Mai riƙe da shi ba ya ƙarya. Gaya musu me ya sa tela bai auna wasu ba. Gaya musu wa ya hau da kofin nan sama a cikin tawul."

Tela ya ajiye kek ɗin da ya riga ya yanka.

"Ina ganin," in ji Madam, "lokaci ya ɗan..."

"Ba a katse mai kofi!" Kyaftin Gemu ne, da muryar da yake sanar da sauka. Bayansa 'yan Kore suka amsa kamar an taɓa su da wuta. Har a layin 'yan Ja wani ya ce, "A bar shi ya faɗa," sannan ya sunkuyar da kai kamar ba shi ba.

Tsoho ya daɗe yana kallon cikin kofin. Da ya ɗago, idonsa ya cika.

"Ni na kai shi," ya ce. "Ni na ce a ajiye muku."

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. 'Yar kanta ta fashe da kuka.

"Ban gama ba." Ya ƙara riƙe kofin da hannu biyu. "Ni na kai, amma ba ni na fara tunanin ba. Mutum ɗaya aka shirya zai ɗauka. Ɗaya tak. Ya faɗi abin da zai sa a sallame shi, ya ajiye, a tashi. Sai na manta irin mutanen da na raina. Na manta a Kore ba a barin mutum ya riƙe kofi shi kaɗai."

"Wane mutum ɗaya?" in ji Kyaftin Gemu.

Tsoho bai dube shi ba. Auta yake kallo.

"Ɗana, da ka yi shirunka. Wata ta zo ofishina ta rufe ƙofa. Ta ce, Tsoho, na ji an ce cikin mu biyu ɗaya zai tafi, kuma na ji ni suke son riƙewa. Yaron nan in ya fita daga ginin nan ba zai iya buɗe baki ya nemi wani aikin ba. Nemo min hanyar da za su tsane ni."



Auta ya juya a hankali. Duk ɗakin ya juya tare da shi.

Kyaftin Gemu ya miƙe tsaye, kujerarsa ta faɗi baya.

"Uwar Jirgi," ya ce. "Mu da muka bi bayanki fa? Yarinyar nan da ke kuka fa? Don ƙaninki ya sa kwat?"

Yaya ta tashi. Ta gyara ɗankwalinta. Ba ta dubi Kyaftin ba, ba ta dubi Madam ba. Ta tako har inda Auta yake, ta tsaya dab da shi, ta dubi maɓallin da ta maƙala masa da hannunta.

"Abu ɗaya na roƙe ka a duniya," ta ce. "Ɗaya."

Sannan ta miƙa hannu ta kan kafaɗarsa.

"Tsoho, ba ni kofin."